Lawali Bahago da Shaidar da Na Ƙi Bayarwa

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a Bakura. Mutanen ƙasarmu, daga Maradun har Talata Mafara, da Bahago suka san shi, saboda da ƙafar hagu yake buga ƙwallo. Ni kuwa taubashina ne. Mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito, a Dosara aka haife mu, wata biyu ne kacal tsakaninmu. Akan yi wa mamaci waiwaye don a faɗi alherinsa, kuma zan faɗa. Amma in na tsaya nan, rabin gaskiya na ba masu karatu. Sauran rabin shi ne tun muna yara nake ƙyashin Lawali, kuma wannan ƙyashin ya taɓa jawo masa asarar da ba ta da ramuwa.

Abin da ya fama mini tsohon miki shi ne wani labari da na ji kwanakin baya. Ina zaune ƙofar gida da hantsi, rediyo na gefena, sai aka kawo batun wasu masu horar da 'yan wasa, baƙaƙen fata, a wata ƙasa mai nisa. Sun kai hukumar gasarsu kotu, sun ce ana hana su manyan muƙamai saboda launin fatarsu. Hukumar kuwa ta ce ba ruwan kotu, ai sun sa hannu a takardar da ta ce duk rigimar da ta taso a cikin gida za a kashe ta, gaban shugaban hukumar. Na miƙa hannu na kashe rediyon. Ban san mutanen ba, wasan da suke yi ma ban san kansa ba. Amma ɗakin da ake son shigar da su, na san shi. Na taɓa zama a cikinsa.

A firamaren Maradun ni ne mai ƙoƙari. Ni ke zuwa na ɗaya, Lawali kuwa in ya kuɓuta daga na ƙarshe sai ya yi murna. Duk da haka shi ake sani. Ban manta ranar da na kai wa mahaifina takardar sakamako ba. Ya duba, ya ce madalla, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin buzu, sannan ya juya wurin Lawali yana dariya, yana tambayarsa yadda ya yanke mutum uku ya ci 'yan Janbako. Tun daga ranar na gane akwai abin da karatu ba ya saya. Sa'ar da na yi ita ce mu taubasai ne, tsakaninmu wasa halal ne. Duk baƙar maganar da na gasa masa sai a yi dariya, shi ma ya yi. Cikin rigar wasan taubasai na ɓoye ƙyashina shekara da shekaru, ba wanda ya gane.

Muna samari aka fara aikin madatsar Bakolori. Wanda bai ga lokacin ba, da wuya ya fahimta. Manyan injuna suna cin tudu kamar tuwo, gonakin da aka gada kaka da kakanni suna tafiya ƙarƙashin ruwa, dattawa suna kuka, mu kuwa samari muna tururuwa Mafara neman aiki. Ni da Lawali muka samu a wani ƙaramin kamfani na Turawa, cikin masu haƙa magudanun ruwa tsakanin Mafara da Bakura. Ba zan kama sunansa ba, ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Ni aka ba ni aikin akawu da tafinta, saboda ina jin Turanci, na kuma iya buga tafireta. Lawali aka tura shi wurin kanikawa yana miƙa musu sifana.

Kamfanonin wurin suka haɗu suka kafa gasar ƙwallon ƙafa, kowanne da ƙungiyarsa. Ba wasan yara ba ne. Ɗan wasa ana sallamarsa daga aiki da azahar, ana ba shi takalmi da riga, kuma ladan wasa ya fi ladan yini a rami. Nan muka fara ganin mutum yana ci da iyalinsa da ƙafarsa. Kafin a rubuta sunanka sai ka sa hannu a wata takarda mai shafi huɗu, duk da Turanci. Ni na karanta wa 'yan wasa shafin farko, na ce sauran duk surutun lauyoyi ne, na nuna wa kowa inda zai sa hannu. Wannan kam ba mugunta ba ce, ni ma ban san abin da ke shafi na huɗu ba.

Ni ma ina cikin ƙungiyar, in zaman benci shiga ne. Lamba biyu nake bugawa in wani ya ji ciwo. Daga bencin nan na kalli Lawali shekara biyu. Ba dogo ba ne, ba ƙaƙƙarfa ba, gudunsa ma ba na a zo a gani ba ne. Amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai fili ya yi tsit, kamar kowa ya riƙe numfashi. Yakan ɗaga kai sau ɗaya, ya aika ta inda babu kowa, kafin ta sauka sai ka ga mutum ya iso wurin. Masu tallan fura sun san sunansa. Direbobin tifa sukan tsaya su rage masa hanya. Ni kuwa, mai farar riga da alƙalami a aljihu, sai in tafi da ƙafa.

A shekara ta biyu dattijon Baturen da ke horar da mu ya kamu da rashin lafiya, aka mayar da shi gida. Ba wanda ya naɗa Lawali, kawai 'yan wasa suka riƙa kallonsa, shi kuma ya riƙa faɗin abin da za a yi. Har da Turawa uku da ke cikin ƙungiyar, ba wanda ya taɓa yi masa musu. Da shi muka ɗauki kofi a filin Mafara. Aka ɗaga shi a kafaɗa har bakin kasuwa, ni ina baya, riƙe da bokitin ruwa, ina tafi da hannu ɗaya a cinya.

Sai kamfani ya sanar cewa zai naɗa koci na dindindin. Muƙamin yana da albashin babban ma'aikaci, da gida a cikin shingen waya inda Turawa ke zaune. Kowa ya ce na Bahago ne. Manajanmu, wanda muke kira Mai Lofe saboda tabar lofe ba ta barin bakinsa, ya sa aka gaya wa Lawali ya zo ganawa ranar Alhamis. Abin da na zaci ba wanda ya sani sai ni shi ne, tun ranar Litinin Mai Lofe ya ba ni wata takarda na buga. Takardar naɗin koci ce, da sunan ɗan ƙanwar Mai Lofe, wani saurayi mai riƙe wa masu awon ƙasa sanda, wanda ban taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba.

Ranar Laraba da la'asar Lawali ya same ni ƙarƙashin bedin, wato darbejiyar, da ke bayan ofis. Ya ce, "Mamman, koya mini 'yan kalmomin Nasara ko huɗu, kada in tahi kamar kurma." Na koya masa. Na gyara masa lafazi, na yi masa ba'a, muka yi ta dariya. Takardar tana cikin aljihun tebur, taku ashirin daga inda muke zaune. Cikin duk abin da na aikata, wannan yammacin ne ya fi hana ni sakat.

Ganawar ba ta kai minti goma ba. Mu uku ne a ɗakin, ni ina tafinta. Da Mai Lofe ya ce an gode, za a duba, Lawali ya gane. Ya ce in tambaye shi mene ne laifinsa. Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, ya ce ba laifi, ya iya aikinsa. Amma gidan koci yana cikin shinge, kuma baƙar fata ba ya kwana a cikin shinge. Ya ƙara da cewa wasa daban, takarda daban, ba zai rubuta cewa baƙi yana ba fari umarni ba. Na juya wa Lawali maganar kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Allah Ya gani, ina faɗa ina jin wani sanyi a raina.

Lawali ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya tafi Sakkwato ya ɗauki lauya. Mutane suka ce ya zautu. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu suna ta kai da komo ba a saurare su ba, shi zai kai Bature ƙara a kan tamaula? Ya ce ba ƙwallo ya kai ƙara ba, maganar da aka faɗa masa a ƙasar ubansa ce ya kai. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, ta yo tattaki daga Dosara har masaukina. Ta ce, "Mamman, ɗan uwanka ya tahi ja da Nasara. Kai ka jin bakinsu, ka tsaya mishi." Na durƙusa na ce, "To, Gwaggo, in sha Allahu."

A kotu ba a ko buɗe zancen launin fata ba. Lauyan kamfani ya miƙe ya karanta shafi na huɗu. An rubuta cewa duk ɗan wasan da ke da ƙorafi ba zai je kotu ba, sai dai gaban kwamitin sulhu na gasar, kuma abin da shugaban kwamitin ya yanke shi ne ƙarshe. Alƙali ya tambayi Lawali ko wannan sa hannunsa ne. Ya ce nasa ne. Alƙalin, ɗan ƙasa ne kamarmu, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce ba shi da ta cewa. Shari'a saɓanin hankali. Aka tashi.

Shugabancin gasar karɓa-karɓa ake yi tsakanin manajoji, kuma a shekarar Mai Lofe ne ke kai. Aka zauna a kulob ɗin Turawa da ke cikin shinge, da safe, aka rufe ƙofa. Ranar ce Lawali ya fara taka wurin. Ba lauya, ba 'yan kallo. Mai Lofe a tsakiya, manajan wani kamfani a damansa, a hagunsa wani babban akawu ɗan ƙasa wanda abincinsa ke hannunsu. Lawali ya dube su, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Akuya ta kawo ƙarar kura, ta iske kura bisa buzun alƙali."

Mai Lofe ya ce shi bai taɓa ambaton baƙi ko fari ba. Ya ce an yi ganawa bisa ƙa'ida, an zaɓi wanda ya fi cancanta. Lawali bai tayar da murya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Mamman, kai ka juya mini maganar nan. Hwaɗa musu abin da ka ji."

Ɗayan manajan, wanda ba ruwansa da rigimar, ya ɗauki alƙalami yana jirana. Na tabbata da na buɗe baki, na kuma ambaci takardar ranar Litinin, da ko ba su ba Lawali aikin ba, da kunya ta hana su abin da suka yi daga baya. Sai na ce da Turanci ban tuna an yi maganar launi ba, mai yiwuwa ni ne na yi kuskuren fassara. Sannan, da yake aikina ne, na juya wa Lawali abin da na faɗa da Hausa.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina tsoron rasa aiki ne. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Ƙarya nake yi. Mai tafireta ba ya rasa aiki a wancan zamani, kamfanoni uku ne ke zawarcina. Abin da na gani a wannan ɗan lokacin shi ne Lawali a cikin shinge, yana zaune a barandar gida mai fanka, ni kuma ina tsaye bakin waya ina sallama. Na gwammace Bature ya wulaƙanta mu duka, da ɗan uwana ya wuce ni.

Kwamiti ya yanke cewa Lawali ya yi wa kamfani ƙazafi. Aka sallame shi, aka kuma haramta masa buga wasa a kowace ƙungiya ta gasar. Yana da shekara ashirin da shida, lokacin da ƙafarsa ta fi kaifi. Bai sake buga ƙwallon da aka biya shi a kanta ba. Ba inda za a ɗaukaka ƙara, shafi na huɗu ya toshe wannan ƙofar ma. Gwaggo Hajo ba ta taɓa yi mini maganar ba, amma har ta bar duniya ba ta sake kira na da sunan da takan kira ni tun ina goye ba.

Ya koma Bakura, garin su matarsa Asabe, ya samu ɗan fili a bakin magudanar da muka haƙa, ya kama noman rani: tumatir, albasa, wata shekara alkama. Da la'asar sai ya tafi filin firamare ya tara matasa yana koya musu ƙwallo, ba ko kwabo. Ni kuwa na bar kamfanin na shiga aikin ƙaramar hukuma, na yi ta hawa, na sauke farali, na gina gida mai ƙofar ƙarfe a Mafara. Kowa zai ce ni na ci riba. Amma duk sanda na je Bakura na tarar da shi a gona, laka har gwiwa, yana dariyar nan tasa da ake ji daga nesa, sai tsohon ciwona ya tashi. Na hana shi gida cikin shinge, sai ya mayar da gari guda gidansa. Hassada ga mai rabo taki ce, ni na tabbatar da haka da hannuna. Bai fasa yi mini wasan taubasai ba, bai fasa aiko mini da kwandon tumatir ba. Na sha fatan ya zage ni, ko da sau ɗaya, in samu abin riƙewa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Da ya ga gidajen kallon ƙwallo a Mafara, matasa cike maƙil suna ihu saboda ƙungiyoyin ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, na san zai zauna cikinsu ya fi kowa ihu. Amma idonsa ba zai tsaya cikin fili ba. Zai duba gefe, inda masu ba da umarni ke tsaye, ya ga fili cike da baƙaƙe, wurin umarni kuwa sai ɗai-ɗai, ya ce shingen yana nan, waya kawai aka cire. Da ya ji labarin da na ji a rediyo ba zai yi mamaki ba. Ina jin tausayin mutanen zai ji, ya tambaya ko suna da mai shaida, in suna da shi, ko ɗan uwansu ne. Samarinmu da ke bin dillalai zuwa ƙasashen waje, suna sa hannu a takardun da ba su karanta ba, zai hana su tashi sai an karanta musu har shafin ƙarshe. Abin da zai fi ƙona masa rai, ina tsammani, shi ne magudanun da yashi ya cike, da hanyar Dosara da yanzu sai da addu'a ake binta saboda 'yan bindiga, da filayen ƙauyukan da ba mai iya tara matasa a cikinsu da yamma.

Da ciwon ajali ya kama shi, na je duba shi wata Asabar bayan azahar. Ya rame ƙwarai, yana kwance a zaure. Asabe ta kawo ruwa ta koma ciki. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta gajiya da gida da jiki, har ta ƙare ba abin da ya rage sai abin da ya kawo ni. Na gaya masa komai, har da takardar ranar Litinin, har da yammacin Laraba ƙarƙashin bedi.

Ya ce, "Takardar ai na sani. Masinjan ofis ya hwaɗa mini tun makon da ka buga ta."

Na ce, "Ka sani, kuma ka yi shiru shekara ashirin da wani abu?"

Ya ce, "In na yi magana, Gwaggonka da babanka za su rabu. Na yahe maka tun tuni, Mamman, duniya da lahira. Abu guda dai ya dame ni, na yi ta tunani ban gano ba. Mi na yi maka?"

Me zan ce? Ka iya ƙwallo? Mutane suna son ka? Muna nan aka kira la'asar. Ya ce in kama shi ya tashi ya yi alwala, na kama shi. Bayan kwana goma sha ɗaya ya cika. Kuma don kada in ɓoye komai, ko yafiyar tasa sai da na yi ƙyashinta. Ta fito masa a sauƙaƙe, kamar yadda ƙwallo ke fita daga ƙafarsa, alhali ni neman ta kawai ya ɗauke ni rabin rayuwa.

Me ya rage na Lawali? Kamfanin ya tafi, gasar ta mutu, kofin ban san inda ya shiga ba. Ba hotonsa ko ɗaya yana buga wasa. A takarda, in tana nan, sunansa na mai ƙazafi ne. Amma a watan jiya na je ɗaurin auren jikarsa a Bakura. Na isa a makare, rumfa ta cika, ba wurin zama. Shekara talatin na yi ina aiki a ƙasar nan, ba wanda ya waiwaye ni. Sai wani malamin makaranta mai furfura, cikin waɗanda Lawali ya horar, ya hango ni, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba da wuri, ga taubashin Bahago!" Mutum ya fi goma suka miƙe tsaye. Aka kama hannuna aka kai ni sahun gaba, aka zaunar da ni kan darduma, manya-manyan mutane suna durƙusawa suna gaishe ni, kowa da labarin abin da Bahago ya yi masa.

Na zauna na karɓi gaisuwar, ina sane da cewa ba tawa ba ce. Ko mutuncin da nake ci yau a garin nan, daga gonarsa ya fito. Allah Ya jiƙan Lawali, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsaya masa a ranar da ba tafinta tsakanin bawa da Ubangijinsa. Wanda ya yi masa addu'a, in da saura, ya sa da ni.